Ranar Da Aka Kai Yekini Sama

"Ni ne Yekini, Injiniya Yekini na Fagge, Sarkin Sama, wanzamin bishiyoyi! Duk reshen da ya ji tarina, da kansa yake saukowa ya gaishe ni. Daga Rijiyar Lemo har Sabon Gari, a nuna min bishiyar da ban yi wa aski ba!"

Da wannan kirarin Yekini yake karya kumallo kullum a teburin mai shayi, tun kafin a yanka masa burodi. To abokina, matso da kunnenka in raɗa maka wata magana, amma kada ka ce ni na faɗa: Yekini bai taɓa hawa bishiya ba. Ko kan benci zai hau don ya ɗaura ƙwan fitila, sai ya yi addu'ar tafiya ya yafe wa kowa. Shekara goma sha ɗaya yana sana'ar rage rassan itatuwa, aikinsa bai wuce ya tsaya a ƙasa ba, hannu a ƙugu, tumbi a gaba, yana ihun "Sare can! A'a, can!"

Mai hawan shi ne Nehemiya, wani siririn bawan Allah daga kudancin Kaduna, mai ƙarancin magana. Igiya a kafaɗa, gatari a ƙugu, kafin ka ƙifta ido ya ɓace cikin ganye. In ya ɗaure reshe zai sauke, yana da kiran da duk unguwa ta haddace: "Na ƙasa a kauce, ga kaya nan!"

Ana nan, ana nan, sai Yekini ya yi arba da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, irin ta masu gyaran fitilun titi, mai dogon hannun ƙarfe da ƙaton bokiti a ƙarshensa. Mutum ya shiga bokiti, a ja liba, sai ga shi a sama ba tare da ya kama ko reshe ɗaya ba. Wayyo daɗi! Yadda aka yi motar ta zama tasa, wannan tsakaninsa ne da filin da ya gada a wajen babansa. Ya sa aka rubuta a jikinta da jan fenti, manyan baƙaƙe: ZAMANIN BIRI YA WUCE.

Ran nan ya kira Nehemiya ya nuna masa rubutun.

"Ka karanta?"

"Na karanta, Oga."

"To kai ake nufi. Naɗe igiyarka ka je ka nemi gonar ayaba."

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai dai Oga, bokiti bai san reshe ba."

"Kai da ka san shi me ka tara? Ƙaiƙayi da cizon tururuwa!"

Nehemiya ya naɗe igiyarsa ya kama gabansa.

Ba a yi mako biyu ba sai ga babbar harka. Alhaji Abdulmalik, dattijon ɗan kasuwa mai gidajen haya birjik a Fagge da Sabon Gari, ya aika a kira Yekini da Nehemiya duka biyun. A ƙofar gidansa na Sabon Gari akwai wani tsohon maɗaci, dogo har ya zarce bene, ga wani busasshen reshe ya miƙe a kan rufin, ga damina ta ƙarato.

"Magana ɗaya ce," in ji Alhaji. "Wanda ya sauke min reshen can bai loɓa min ko fallen kwano ɗaya ba, shi zai riƙa kula da bishiyoyin gidajena kaf, duk shekara."

Yekini ya yi wata dariya har tumbinsa na rawa. "Alhaji, a ba ni Asabar. Shi kuma wannan a ba shi kujera ya zauna ya ga yadda ake aikin ilimi."

Sai dai motar tana da wani ɗan ciwo. Libobin da ke cikin bokitin sun daɗe da rasuwa, sai na ƙasa kaɗai ke aiki. Dole Yekini ya ɗauko makanike, wani Onyedika haifaffen Sabon Gari, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Onyedika ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya girgiza kai.

"Oga, tiyon man da ke ɗaga hannun nan ya tsufa. A sake shi tukuna."

"Ba a ɗauke ka don ka yi tunani ba. Kalma biyu kawai za ka riƙe. In na ce 'kai', ka kai ni sama. In na ce 'tsaya', ka tsaya."

Onyedika ya sosa ƙeya. "Oga, da dai ka zaɓi wata kalmar. Ka san mutumin Kano da 'kai', ko sauro ne ya cije shi..."

"Iye! Liba na ɗauke ka ka ja, ko Hausa za ka koya min? A Fagge aka yanke min cibiya! Ka ji 'kai', ka ja. Ban son musu, ban son tambaya."

"An gama, Oga."

Ranar Asabar da hantsi Injiniya ya fito cikin sabon farin wando, da riga mai ƙyalli, da hular kwano rawaya wadda ta zauna a tsakar kansa kamar murfin langa. Motar ce ta fara nuna hali, ta ce atafau ba za ta tashi ba, sai da masu shan shayi takwas suka tura ta. A shataletalen Bata kuwa, cikin cunkoson 'yan kasuwa da a-daidaita-sahu, bokitin ya saƙalo igiyar da wani mai atamfa ya rataye kayansa. Haka suka shigo Sabon Gari da turmi uku suna kaɗawa a sama, mai kayan na biye da gudu yana tsinuwa. Yekini ya leƙo ta taga, ya ga mutane na ta nuna shi, sai ya shiga ɗaga musu hannu.

"Ka gani ko, Onyedika? Gari ya san manya sun fito."

Da aka lallashi mai atamfa aka mayar masa da kayansa, aka gyara wa mota tsayuwa a gindin maɗaci. A wurin akwai Inna Kubura mai waina, wadda ta shekara ashirin tana suya a inuwar bishiyar. Ta nuna Yekini da tsinken juya waina.

"Kai mai hular nan, ka sani tun yanzu, ni da Alhaji akwai alkawari. Duk abin da ya sauko daga bishiyar nan nawa ne, itacen suya nake yi da shi."

"Inna, yau sai kin rasa wurin ajiya."

Nehemiya kuwa yana gefe a kan benci, ya sayi wainarsa da yaji, igiyarsa a ƙarƙashin ƙafa.

Yekini ya shiga bokiti da ƙyar, don sai da aka ɗan tura tumbin. Ya rungume injin yankan itace, ya gyara murya.

"Kai!"

Onyedika ya ja liba. Bokiti ya yi wani kuka ya tashi. Da farko abin gwanin daɗi, Yekini har yana jinjina wa jama'a kamar mai neman kansila. Ya wuce tsawon katanga, murmushin ya ragu. Ya wuce tagar bene, ya daina jinjina ya kama bakin bokiti da hannun da yake jinjinar. Sai shaiɗan ya ce masa ya leƙa ƙasa. Ya leƙa. Hular Alhaji ta koma kamar murfin kwalba, tandar Inna Kubura kamar ludayi. Sai bakinsa ya saki abin da bakin kowane Bakano yake saki in ya ga tashin hankali.

"Kai!"

Onyedika ya ja.

"Kai! Kai! Kai!"

Onyedika ya ja sau uku, ba musu, ba tambaya.

Jama'a, kalmar nan "tsaya", harafi biyar kacal, ta yi fuffuke ta bar kan Yekini. Ya lalubo ta a Hausa bai same ta ba. Ya faɗa Yarbancin kakarsa wanda rabonsa da shi tun yana firamare, ya kira sunayen dangi har da waɗanda suka rasu, amma duk jimlar da ya fara, da "kai" take ƙarewa. Busasshen reshen da ya zo dominsa ya zo daidai hancinsa, suka gaisa, ya wuce shi.

A ƙasa kuwa tafi ake yi raf-raf.

"Ka ga namijin duniya! Cewa yake a ƙara!"

Alhaji ya kare ido da tafin hannu. "Ina kuma zai je? Ai ya baro reshen a baya."

"Alhaji, ni liba aka ɗauke ni in ja," in ji Onyedika.

Bokiti ya kutsa cikin ƙololuwar maɗaci, inda wata shirwa ta yi sheƙa ba ta gayyaci kowa ba. Ta yi sama, ta saito rawayar hula, ta kawo mata mari, ƙwas! Hula ta yi ƙasa ta faɗa kwata. Yekini ya saki injin yanka don ya kare kansa, ya kurma wata "Kaaai!" wadda aka ce har 'yan kasuwar Sabon Gari sun waiwaya.

Abu biyu suka faru tare. Injin ya sauka a kan rufin Alhaji, ya huda kwano ya shige ɗakin baƙi ko sallama babu. Onyedika kuma ya yi jan ƙarshe, tsohon tiyo ya ce fus, mai ya yi feshi ya wanke rubutun jikin motar, sai ZAMANIN BIRI kaɗai ya rage. Hannun ƙarfe ya ƙame a miƙe.

Wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan ne kalmar ta dawo gida.

"Tsaya!" in ji Yekini da wata siririyar murya.

"Ta tsaya, Oga," Onyedika ya amsa yana share mai a fuska. "Tsayuwar da sai jibi, in an dace an samu tiyo."

"To sauke ni!"

"Kalma biyu ka ba ni, Oga. Babu wannan a ciki. Kuma ko da akwai, ba ta sauka."

Rana ta take. Iska ta ɗan kaɗa, bokiti ya yi lilo, Sarkin Sama ya durƙushe a ciki ba a ganin komai sai saman sanƙonsa. Samari sun fito da wayoyi, mai ruwan leda ya samu kasuwa, Inna Kubura ta sake dama ƙullu. Alhaji kuwa ya shiga ya ga ramin da ke rufinsa ya fito yana jan carbi da sauri.

Can sai aka ji murya daga cikin ganye. "Nehemiya! Ɗan'uwana rabin jiki! Nehemiya na Allah!"

Nehemiya ya lashe yajin da ke yatsansa. "Oga, wa kake kira? Zamanin biri ya wuce. Ba kai ka sa aka rubuta ba?"

"Ya dawo! Wallahi ya dawo! Ni shaida ne!"

Aka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga kan babur. Nehemiya dai ba mai riƙo ba ne. Ya cire takalmi, ya saɓa igiya, ya kama maɗaci kamar mai hawa matakalar gidansu. Da ya zo daidai busasshen reshe sai ya zauna ya zaro gatari.

"Ni fa? Ni fa?" in ji na sama.

"Haƙuri, Oga. Kai ka koya min, aiki tukuna."

Gunduwa-gunduwa ya sassare reshen, yana ɗaurewa yana saukewa a gaban Inna Kubura, ko ganye bai taɓa rufi ba. Sannan ya ƙarasa sama, ya zagaya igiya a ƙarƙashin hammatar Yekini da tumbinsa, ya ratsa ta ta wani ƙaƙƙarfan reshe, ya jefa wa ƙarti shida bakinta a ƙasa.

"Fito, Oga."

"Ba inda za ni. A nan zan kwana. A turo min katifa."

"To shi ke nan. Ga mai gidan can ta dawo, ku daidaita."

Yekini ya ɗaga ido ya ga shirwa ta sake saito sanƙo. Ba wanda ya sake roƙonsa. Sai ganinsa aka yi a iska yana juyawa, ƙafafu na tuƙa keken da babu shi, Nehemiya kuma ya buɗe murya da kiran nan da kowa ya sani:

"Na ƙasa a kauce, ga kaya nan!"

A hankali, a hankali, aka dire Injiniya a kan tulin itacen Inna Kubura. Alhaji ko kallonsa bai yi ba, ya ɗaga kai sama.

"Nehemiya, daga yau bishiyoyina na hannunka. Shi kuma wannan, in ya gama rawar sanyi, a nuna masa rufina."

Ka ɗauka bakin Yekini ya mutu? Ina! Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya dubi jama'a.

"Ku ba ku san aikin injiniya ba. Dama hawa na yi in duba masa hanya, in kore masa shirwa..."

"Dakata, malam," in ji Inna Kubura. Ta taso da tsinken wainarta. "Alkawari alkawari ne. Duk abin da ya sauko daga bishiyar nan nawa ne."

Ta zagaya shi sau ɗaya kamar mai tayin rago. Ta ƙwanƙwasa tumbin da tsinke. Sai idonta ya sauka a kan sabon farin wandon nan, tun daga ƙugu har idon sawu. Ta ja da baya, ta toshe hanci, ta ɗaga kai ta ƙwala kira:

"Nehemiya! Ja igiyarka ka mayar da wannan sama ya sha iska. Jiƙaƙƙe ne sharkaf, ba zai kama wuta ba!"