Burushin Dokin Ingila

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Alhamis a unguwar Mahjar ta Jidda ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da ke kaina. Yau ina zaune a unguwar Safa, a nan Jidda, jikoki suna hawa wuyana, sumar kaina ta ƙare har ba abin askewa, amma duk lokacin da abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar yanzu ake yi.

A farkon shekarun 1970 ne. Na zo Jidda daga Sudan ina saurayi, Kawu Bukar, ƙanen mahaifiyata, ya yi mini hanyar iƙama, takardar izinin zama, ya ajiye ni a shagonsa na aski a unguwar Ammariyya. Kujeru biyu ne, da madubi mai tsaga a gefe, da fankar sama wadda ƙararta ta fi iskarta. Kawu mutum ne shiru-shiru, sai ya gama yi wa mutum aski bai ce komai ba bayan bisimilla. Ni kuwa Allah ya ba ni hannu mai sauƙi, ya haɗa mini da baki wanda ya fi hannun sauƙi.

A lokacin jirage sukan daɗe a tashar ruwa suna jiran a sauke musu kaya. Akwai wani ɗan Girka, kuku a ɗaya daga cikin jiragen nan, da ya saba zuwa wurina gyaran fuska. Ba ya jin Larabci sai “kwayyis”, wato da kyau, ni ma ba na jin yarensa, amma mun shaƙu. Ranar da jirginsu zai tashi ya zo sallama, ya miƙo mini wata 'yar jakar fata. Na buɗe na ga burushin aski guda uku, irin na tada kumfa, waɗanda Larabawa ke ce wa fursha.

Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa ya yi mini bayani. Ya ɗaga na farko ya ƙwanƙwasa bokitin roba da ke ƙasa. Ya ɗaga na biyu ya yi kamar yana tonon rami da hannuwansa. Da ya zo kan na uku sai ya kafa yatsu biyu a gefen bakinsa suna kallon sama, ya yi wani gurnani ta hanci. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane komai. Yatsu a gefen baki, ai linzami ne. Ƙara ta hanci, haniniya ce. Doki ke nan. (Na san mai karatu ya riga ni isa inda za a je. A yi haƙuri, ni sai da na bi ta doguwar hanya.)

Na shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya, a fuskata da ta mutane. Na farkon fari ne fat, gashin roba. Ba ya riƙe ruwa, ka tsoma ka ɗago sai ruwan ya gangaro maka har gwiwar hannu, kuma yana zamewa a kan gemu maimakon ya shiga cikinsa. Abu ɗaya dai, yana bushewa nan da nan kuma ba ya wari, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gumin Jidda. Duk da haka na raina shi, na jefa shi can ƙarshen aljihun tebur.

Na biyun toka-toka ne da baƙin zobe a tsakiya, laushi kamar jelar mage. Yana riƙe ruwan ɗumi, kumfarsa kuwa kamar kindirmo. Tsofaffi masu laushin fata sukan yi gyangyaɗi ina shafa musu. Sai dai gemun mutanenmu, mai taurin nan da nannaɗewa, shafa shi kawai yake yi ya wuce.

Na ukun shi ne sarki. Launin alkama gare shi, da tauri. Da farko yana ɗan tashin wani wari, sai an jiƙa shi ya sha ruwa kafin a fara. Bayan 'yan makonni bakin gashin ya tsattsage ya yi laushi, gindin kuma yana nan da ƙarfinsa. Yana shiga ƙarƙashin gashi ya tashe shi tsaye, aska ta ɗauke shi sau ɗaya, ba ƙuraje ba kaikayi. Mutane suka fara cewa a yi musu da “wancan mai ƙarfin”.

Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma da aka tambaye ni gashin mene ne, na ce na doki. Bayan kwana biyu ya zama dokin sukuwa. Kafin wata ya ƙare dokin ya samu ƙasar haihuwa, Ingila, kuma ba a yankar gashin sai daga wuyansa, sau ɗaya a shekara, lokacin sanyi. Ban san inda nake samo waɗannan ba. Suna fitowa ne kawai, ni ma ina jinsu a karon farko tare da mai aski. Kawu ya ce mini sau ɗaya in rage surutu in kula da aska, bai ƙara ba.

To, akwai Zainabu. 'Yar Alhaji Usman ce, mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, dattijon da Hausawan Mahjar ke kai wa ƙara idan an saɓa. Kawu ya riga ya kai maganata, Alhaji bai ce e ba bai ce a'a ba, ya ce dai a bari ya ga hankalin yaron. Da bikin yayarta ya tashi sai na ga dama ta samu. Na aika cewa ni zan yi wa mazan gidan da baƙinsu gyaran fuska ranar ɗaurin aure, kyauta.

Na isa bayan azahar da farar riga wadda na sha wahalar gugarta. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa darduma, ana ta zagayawa da shayi. Na jera burusan nan uku a kan tawul kamar mai baje kolin zinariya. Wanda na fara yi wa shi ne Malam Idrisu, tsohon da ke jan salla a masallacin layin. Na yi masa da na dokin, ya shafa kumatunsa ya sa mini albarka, ya ja mu sallar la'asar da fuskarsa tana sheƙi. Bayan salla Alhaji Usman da kansa ya zauna a kujerata.

Na ɗaura masa tawul. Na tada kumfa, na shiga shafa masa a kumatu da wuya, ina ba jama'a darasi. Na yi musu bayanin na roba da rashin amfaninsa. Na yi na mai laushin. Sannan na zo kan dokin Ingila, na ƙara masa da cewa sarakunan can ma da shi ake yi musu. Alhaji ya lumshe ido. Na san kuma mata suna leƙe ta bayan labulen ƙofa, don haka na ƙara ɗaga murya.

Ana cikin haka Abdulƙadir ya matso, yayan Zainabu, haifaffen Jidda, wanda ke aiki a wani ofishin jiragen ruwa kuma yana karanta Turanci. Ya nemi in ba shi burushin ya gani, don sha'awa kawai. Ya juya gindin burushin inda wasu ƙananan haruffa suke, waɗanda ni kullum nake ɗauka sunan dokin ne. Na ga ya karanta, ya sake karantawa, ya dubi fuskar mahaifinsa. Sai ya kama hannun rigata ya ce ƙasa-ƙasa, “Ta'al, zo mu yi magana a waje.”

Allah ya saka wa Abdulƙadir da alheri, ya so ya rufa mini asiri. Ni ne na ƙi.

Na ce, “Wane waje kuma? Karanta a nan kowa ya ji. Baba ma ya san irin abin da ke fuskarsa.”

Ya ce in bari sai an jima. Na nace. Mutane suka sa baki, a karanta, a karanta. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba doki ba ne. Khinzir ne. Gashin aladen daji.”

A take ɗan Girkan nan ya dawo mini a ido, da yatsunsa biyu a gefen baki. Haure yake nuna mini. Gurnanin ma gurnani ne, ba wata haniniya.

Alhaji ya buɗe ido a hankali. Kumfa ta rufe masa kumatu har ƙasan kunne, ga 'yarsa za a ɗaura wa aure, ga baƙi daga Makka. Bai ɗaga murya ba, ya ce a ba shi ruwa. Ni kuma da ruɗewa na karɓe burushin daga hannun Abdulƙadir na kai hannu zan share masa kumfar, da burushin a hannun. Ya janye kansa baya kamar an nuna masa maciji. A nan ne bakina, wanda bai taɓa barina ni kaɗai ba, ya ga ya kamata ya taimaka. Na ji kaina ina cewa, “Amma ai na Ingila ne, Baba.”

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Daga bayan labule kuwa ba a ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Malam Idrisu ne ya tsamo ni. Ya ce a kwantar da hankali, a karatun da suka yi gashin da aka yanke ba najasa ba ne ko da na wannan dabbar ne, duk da malaman nan ƙasar sun fi tsanantawa, kuma wanda bai sani ba ba shi da laifi. Magana ce mai daɗi, sai dai yana yin ta ne a tsugune da buta a hannu, yana dirzar kumatunsa kamar zai cire fatar. Duk wanda na yi wa gyara ranar ya bi layin buta. Na tattara kayana na sulale, ko shinkafar bikin ban ci ba.

Kafin Asabar labari ya gama Ammariyya. Shago ya yi shiru. Waɗanda suka saba zuwa sai su wuce ta ɗaya gefen titi, wasu matasa kuma in sun zo daidai ƙofa su yi haniniya. Abin da ya fi ci mini rai Kawu ne, mutumin da ya yi shekaru yana gina sunansa da shirunsa, na zo na rushe da surutuna. Bai zage ni ba. Ya dai ce in kai burushin teku, in haɗa da mai laushin, wanda Abdulƙadir ya binciko cewa gashin wata dabba ce mai tonon rami, dangin dage. Kawu ya ce ya gaji da namun daji a shagonsa. Na tsaya a bakin ruwa na jefa su, kuma ba zan ɓoye ba, na ji zafin rabuwa da mai ƙarfin nan, don har yau ban riƙe burushin da ya kai shi aiki ba. Maganar Zainabu kuwa na cire rai. Har na fara tunanin komawa Sudan.

Ranar wata Juma'a da hantsi, lokacin da layinmu ya fi cika da masu shirin masallaci, ina zaune ina korar ƙuda sai ga Alhaji Usman. Bai shigo kai tsaye ba. Ya tsaya a ƙofa ya gaisa da mai shayi, ya gaisa da tela, sai da ya tabbata kowa ya gan shi, sannan ya shigo ya zauna a kujerata, ba ta Kawu ba. Ya ce in ƙarasa aikin da na fara.

Na ce, “Baba, da wanne zan yi?”

Ya ce, “Da wanda ba shi da uwa ba shi da uba.”

Na buɗe aljihun tebur na lalubo na robar nan da na raina. Ruwa yana gangaro mini har gwiwar hannu na yi masa gyaran, ban ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Da na gama ya dubi madubi ya ce hannuna yana da kyau, kuma yau ya ga ina iya yin shiru. Ya ce wa Kawu ya turo manya. Kafin a kira salla mutum biyu sun zauna a benci suna jira.

Bayan aurenmu Zainabu ta gaya mini cewa a daren bikin, da baƙi suka watse, mahaifinta ya maimaita maganar Ingilan nan ya yi dariya har da hawaye. Ya ce aladen bai dame shi ba kamar yadda dokin ya dame shi, don alade kuskure ne, doki kuwa ƙirƙira ce.

Na yi shekaru masu yawa ina aski bayan wannan, har na gaji shagon. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma ya riƙe ni. Idan mutum ya ce ka zo waje ku yi magana, ka bi shi. Idan kuma aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, akwai wata gajeriyar amsa, “ban sani ba”, wadda ban taɓa ganin ta sa dattawan unguwa sun yi layin buta ba.