Jajen Mijin da Bai Ɓata Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da zuwan wata malamar jami'a garinmu Magariya daga Damagaram. Bincike take yi kan yadda mata, Musulmi da Kirista, ke ba juna shawara idan rayuwa ta yi ƙunci, kuma ta ce za ta zaɓi 'yan kaɗan ta horar da su sauraren 'yan uwansu. Da yake na yi kwalej, aka sa da ni cikin masu halartar taron. Allah Ya sani, na ƙwallafa rai a zaɓe ni.

A farfajiyar wata lakwal, wato makarantar boko, muka zauna, ƙarƙashin dogon yaro. Iska na kaɗawa a hankali, hasken hantsi na zubowa ta tsakanin ganye kamar ana tankaɗen gari. Malama ta fara bayani, ni kuwa tuni na lula. Ga ni can cikin farin mayafi, mata na tahowa daga Waca da Yekuwa a kan amalanke, kowacce ta shigo da hawaye ta fita da murmushi. (Haka nake tun ƙuruciya, tukunyata ta sha ƙauri saboda wannan hali.)

Kuka ne ya dawo da ni. Madam Rifkatu, wata Kirista da ke koyarwa a lakwal ɗin, tana zaune a tsakiya tana ba da labari: maigidanta ya tafi Libiya, shiru ba amo ba labari, yara na tambaya, kunya ta hana ta gaya wa kowa. Zuciyata ta narke. Ban iya jiran a tashi ba, na sulale gida ina share ido.

Na dama fura, na tuƙa tuwo, na bi gidajen maƙwabta: "Ku fito mu je jaje. Haƙƙin zaman tare bai tambayi addini ba." Har Malam, maigidana, na roƙa ya sa a yi addu'a a masallaci bayan la'asar.

Muka yi sallama a ƙofar Madam, kwanuka a ka. Wani dogon mutum da ban sani ba ya fito da rediyo a hannu.

"Lafiya dai, Hajiya?"

"Jaje muka zo yi wa Madam, na ɓatan maigidanta."

Ya dubi kansa tun daga ƙafa har ƙirji. "Ni ne Mushe Iliya, maigidan. Iyakar tafiyata yau bakin kasuwa."

Madam ta leƙo, ga malamar jami'a a bayanta riƙe da kofin shayi.

"Haba Maman Nana, ai kwaikwayo ne. Malama ta faɗa tun farko, labarin ƙirƙira ne, don mu koyi sauraro da riƙe sirri."

Riƙe sirri. Ga ni na kai shi har masallaci. Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da kwanon.

Goggo Delu, tsohuwar da ta rako mu, ta gyara tsayuwa. "To, tuwon fa? Mu koma da abinmu?"

"A'a, Goggo," in ji Mushe Iliya, "ɓatacce da yunwa yake dawowa."

Ba a zaɓe ni ba, kuma ban ga laifin Malama ba. Ranar na gane tausayin da bai tsaya ya saurara ba, bakinsa ya fi zuciyarsa girma. Madam ta yafe mini. Shi kuwa bawan Allah, har yau in ya ratsa unguwarmu sai an yi masa barka da dawowa daga Libiya.