Tirelar da Na Ɗaure da Igiya

Ko zan manta komai na zaman Riyad, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar Malam Sani ba.

Ƙungiyarmu ta 'yan Maradi da ke unguwar Manfuha ce ta yanke shawarar sayen ƙaramar tirela, wadda ake maƙalawa a bayan mota, don ɗaukar tabarmi da tukwane in ana taro. Aka wakilta ni, saboda na cika wa kowa kunne cewa babana amalanke yake ƙerawa a Tasawa. (Gaskiya ne yana ƙerawa. Ni dai shayi nake kai masa.)

A unguwar Gubaira, wani tsoho ɗan Yaman mai gareji ya nuna min iri biyu: haɗaɗɗiya, da wadda ke cikin kwali sai ka haɗa da kanka.

"Ɗauki haɗaɗɗiyar, ya akhi, ka huta," in ji shi.

Raina ya ɓaci. Ni za a ce wa in huta? Na ce a ɗauko min kwali.

Kwana uku ina fama. Takardar bayani kuwa a kanta muka ci shinkafa. Da na gama, sai ga wani ƙarfe mai kamar ludayi ya rage, na jefa shi ƙarƙashin gado. Ashe shi ne ke maƙala tirelar a jikin mota! Ni kuwa na samo igiya na ɗaure tirelar tamau, yadda ake ɗaura amalanke a wuyan bijimi.

Ranar suna da safe aka ɗora ragon Malam Sani a kai, na ja mota zuwa gidan taron. Tafiya lafiya lau, motar ma sai ƙara sauƙi take, ina ta yaba wa kaina. Na isa da hon, na fito ina gyara hula. Liman na zaune, wuƙa a wase, mutane cike da tabarmi.

Malam Sani ya leƙa bayan motar, ya dube ni.

"Injiniya, ina ragon?"

Na waiwaya. Guntun igiya kawai ke lilo.

Muka bi hanya a guje, Malam Sani na ta salati. Kun san inda muka samu tirelar? Daidai fitilar hanya ta Gubaira, taku kaɗan daga garejin tsohon nan. Ya janye ta inuwa, yana ba ragon ganyen latas.

Bai yi dariya ba, wannan ne ya fi min ciwo. Ya ɗaga igiyar ya juya ta, ya ce, "Masha Allah. Ɗaurin ya yi kyau. Ina bijimin?"

Sai kusan azahar aka raɗa wa yarinya suna. Yau shekararta huɗu, in ta gan ni sai ta ce, "Baba Amalanke, ina wuni?" Ina amsawa, ya zan yi? Amma yanzu ko fanka zan saya, sai na ce a kunna ta a gabana tukuna.