Rasuwar Mashin ɗin Larai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu goma da aka mayar marayu, Malama Larai Ɗan Baba, sakatariyar biro, wato ofishin manoma, a Madarumfa, tana sanar da rasuwar mashin ɗinta ta buga takardu, ranar Litinin da hantsi, bayan shekara ashirin da shida a bakin aiki, bakwai daga ciki a hannunta.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Ko ranar Juma'a takarda talatin ta buga. Ajalinta ya zo ne daga Yamai cikin kwali uku, sunansa ordinatar, wato kwamfuta. Shef, shugaban biron, ya dubi Larai da birebenta na ƙaramar sakandare da takardar shaidar koyon bugu, ya ga ba ta isa taɓa shi ba, ya damƙa shi ga ɗan ƙanwarsa Illo, mai farautar harafi da yatsa ɗaya. Aka ce ita da mashin su je gida su huta.

Marigayiya ba ta taɓa neman fanka ba, ba ta taɓa suma don an ɗauke kuran, wato lantarki, ba. Shekarar da aka daina aiko ruban, ƙyallen tawadar mashin, Larai ta riƙa jiƙa tsohon da tawadar tampo na buga hatimi, suka ci gaba. Har yau kunne na jin ta: kwat-kwat-kwat, ƙirrr, tin!

Marigayiya ta bar ruban ɗaya, da rabin kwalin karbon, da manoman Gabi da Safo, waɗanda ba su karanta Faransanci amma sun san takarda: su juya bayanta su shafa da babban yatsa, in ba su ji tudun haruffa ba, ba ta zauna ba. Tsoho Hamisu ya mayar wa Illo tasa ta neman taki har sau biyu, wai sumul take, a ba shi ta gaskiya.

Za a ɗauki gawa gobe bisa amalanken jaki zuwa gindin dogon yaro, daura da tagar Shef. Ba wanka, tana tsatsa. Zaman makoki kullum ne, daga ƙarfe takwas zuwa azahar, bisa tebur. Mai ta'aziyya ya zo da farar takarda biyu.

In Shef ya ji gawa tana magana, ya rufe taga. Ran da kuran ya tafi kuma, ana karɓar gaisuwarsa shi ma, amma ya bi layi bayan Hamisu.