Rasuwar Adda, Akori-kurar Malam Nuhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta rasa wanda za ta zarga, Malam Nuhu direba na Ƙaura Namoda yana sanar da rasuwar akori-kurarsa, wadda ake kira Adda domin ta girmi duk 'ya'yansa.

Shekara ashirin da uku tana jigilar gero da mutane tsakanin Ƙaura, Zurmi da kasuwar Shinkafi. Shi ya ƙera mata bodin katako, ya kafa mata benci biyu, ya shafe ta da shuɗin fenti da hannunsa. Ba ta taɓa ɗaukar giya ba, ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gidan banza ba. Da safe takan yi tari uku, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kafin ta tashi.

Idon Malam Nuhu ne ya fara gazawa, likita ya hana shi tuƙi, sayar da ita ya zama dole. Muhtari, wani manomi daga Birnin Tsaba, ya zo yana son ta da ranta, har da alkawarin ba zai sauya fentin ba. Tambaya ɗaya ya yi: ko tana da wani aibi?

Injinta a tsage yake, an liƙe, babu wanda ya sani sai mai ita. Amma wannan Nuhun ne, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ya miƙe a masallaci ya kira sunayen masu ɓoye ruɓaɓɓen hatsi a gindin buhu. Biyu daga cikinsu suna zaune wajen mai shayi, suna kallon cinikin. Ba zai yi ƙaryar cewa tsoron Allah kaɗai ya motsa shi ba. Ya buɗe bonet, ya ɗora yatsan Muhtari a kan tsagar.

Muhtari ya fasa saye, kafin la'asar labari ya zaga tasha. Wata huɗu babu wanda ya ƙara taya ta sai Tunde mai yanka motoci.

Ta rasu ta bar mai ita, da matarsa Rekiya, wadda tun ranar da ya nuna tsagar nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa su, da jak ɗaya, da tabon baƙin mai a ƙofar gida.

Za a tura ta ranar Asabar bayan azahar zuwa garejin Tunde, bayan tashar jirgin ƙasa. Ana neman masu turi shida. Babu zaman makoki. Wanda nan gaba ya ga ƙofarta a jikin akurkin kajin wani, ya kama bakinsa, kada ya zo ya faɗa wa Malam Nuhu.