Rasuwar Hular Walda ta Malam Sada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu biyu da ke naɗe da bandeji, Malam Sada mai walda na bakin tashar Gwaram yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar hularsa ta walda. Ta rasu ranar jajibirin ƙaramar Sallah ta shekarar 1983, tana da shekara biyu a hannunsa.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan tare da wani Bature injiniyan hanya. Da zai koma gida, ya ajiye wa Malam Sada rediyo da hular, ya ce ya zaɓi ɗaya. Ya zaɓi hular. 'Yan tasha sun yi wata guda suna yi masa dariya, domin gilashinta garau yake kamar na taga, kuma a saninsu abin da ba baƙi ba ba ya tare wuta. Sai da suka leƙa ciki ɗaya bayan ɗaya, suka ga da tartsatsi ya tashi take rufe ido da kanta, wuta ta mutu ta buɗe. Daga nan suka daina dariya.

An shaide ta da kawaici. Ba a taɓa jin wata magana daga gare ta ba sai "ƙyas" idan an sauke ta kan fuska. A bayanta aka ɗinke garemanin shanun garuruwan Sara da Maruta, da amalanke, da gadajen amare ba adadi. Ba ta taɓa neman komai ba, illa a nuna mata rana kowace safiya a ga ko ta yi duhu kafin a fara aiki.

Jinyarta gajera ce. Inna Turai, mahaifiyar Malam Sada, tana wankin Sallah ta gan ta rataye duk hayaƙi, abin ya dame ta. Ta tsoma ta a baho tare da tukwane, ta dirje ta da toka da soso, ta shanya ta a kan danga, sannan ta mayar da ita kan ƙusarta. Ba a taɓa ganin marigayiyar da kyau irin na ranar ba.

Da hantsi Maikano, wani manomi daga Maruta, ya iso da garma a karye, shanunsa na jira a gona. Saboda gaggawa Malam Sada bai nuna mata rana ba. Ya sauke ta, ta ce "ƙyas" kamar kullum, ya dangwala sandar walda. Ba ta rufe ido ba. Ya zaci nawa ce, ya sake dangwalawa har sau uku.

Ta rasu ta bar injin walda, da guduma, da safar hannu ƙafa ɗaya, da idanun Malam Sada guda biyu waɗanda ta yi riƙo. A asibitin Birnin Kudu an ce na dama zai buɗe. Da aka tambayi na hagu, sai aka ce a dawo ranar Asabar. Malam Sada yana jin tsoro ƙwarai, domin ba shi da wata sana'ar.

Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan rumfar walda. Maikano ne zai haƙa kabarin, shi ya nema da kansa. Masu zuwa gaisuwa su riƙa faɗin sunayensu idan sun yi sallama.

Iyalan suna da roƙo ɗaya. Inna Turai ce ke zaune a gefensa tana yi masa fifita, tana Allah ya isa ga duk wanda ya yi wa ɗanta baki, tana cewa, "Kuma ranar ma na wanke masa ita fes." Duk wanda ya ji ta faɗi haka, Malam Sada ya ce a amsa mata da "Allah ya saka da alheri, Inna," a yi shiru.