Zomon Hafsatu

Yayata Binta ta ce in zaɓo wa 'yarta Hafsatu littafin dabbobi. Na gyara hula na ce, "Yaya, malamin firamare kike tambaya fa!"

A Birnin Kudu na hango wani littafi mai hoton farin zomo a bangonsa. Hafsatu tana da zomon da take ji da shi, sai na saya, ko buɗewa ban yi ba.

A Gwaram na miƙa mata gaban kowa. Tana buɗewa ta ƙwalla ƙara. Ashe hoton zomo ne an feɗe shi, ga bayanin yadda ake farfesunsa.

Yaya ta saka salati.

Har yau ina yin sallama sai in ji, "Hafsatu, ɓoye zomonki, ga Kawu!"